A Sa Yaran Gidajen Marayu Cikin Tsere

Kowace shekara idan lokacin wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ya zo, a kan share fili, a ja layi da farar ƙasa, iyaye su cika rumfa kowa yana kiran sunan ɗansa. Ni kuwa waɗanda na ke so mu duba, ya ku 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, su ne yaran da ba su da mai kiran sunansu, watau waɗanda a ke reno a gidajen marayu.

Waɗansu sun ce a ware musu ranarsu, gida da gida su kara. Ban ƙi ba, ya fi babu. Amma mun san yadda irin wannan rana ta kan kasance. A jera yara cikin rana tun hantsi ana jiran babban baƙo, in ya iso a yi tsere biyu ko uku, a raba sabulu da biskit, a ɗauki hoto, shi ke nan sai baɗi. Yaron da ba a taɓa koya masa yadda a ke tashi daga layi ko karɓar sanda ba, me ya ƙaru da shi? Ga shi kuma an sake nuna masa cewa shi dabam ne da sauran yara.

Abin da na ke gani shi ne a horar da su sosai, sa'an nan a sa su cikin gasar makarantun gari, su yi gudu kafaɗa da kafaɗa da 'ya'yan kowa. Agogon alƙalin tsere ba ya tambayar sunan uba.

Kada a ce ba za su iya ba. A Ingila an yi wata yarinya, Fatima Whitbread, wadda aka yasar tun tana jaririya, ta yi shekara 14 a gidajen renon yara. Wata malamar jifan mashi ta lura da ita, ta koya mata, har ta ɗauke ta ta zama 'yarta. A 1986 ta jefa mashi mita 77.44, abin da ba macen da ta taɓa yi kafin nan, a 1987 kuma ta zama zakarar duniya a birnin Rum. Haka Kriss Akabusi, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, shi ma a irin gidajen nan ya tashi a can, ya ci lambar tagulla a tseren tsallake shinge na mita 400 a wasannin Olamfik na 1992. Ba kowane yaro zai kai nan ba, lalle. Amma Fatima ma da ba ta sami mai dubanta ba, wa zai ji labarinta?

Ba alfarma ba ce kuwa. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ba kowane yaro haƙƙin hutu da wasa, ba ta ware maraya ba.

Aikin nan bai fi ƙarfinmu ba. Gudu ba ya bukatar kaya masu tsada, sai fili, da igiyar awo, da usur, da ramin yashi. Idan ɗalibai huɗu ko biyar za su nemi iznin shugaban kwaleji da na masu gidan, su riƙa zuwa da yamma sau biyu a mako, ya isa. A buɗe littafi, a rubuta sunan kowane yaro da lokacinsa, domin ya ga ci gabansa da idonsa. A kuma tabbata sun ci abinci, kada a sa mai jin yunwa gudun mita 800. Ranar gasa kuwa mu cika gefen fili, mu kira su da sunayensu ɗaya-ɗaya.