WASIYYA BA KIRAN AJALI BA CE

Sanin kowa ne cewa Bahaushe ba ya musun mutuwa, domin shi ne ya yi mata laƙabi da rigar kowa. Amma abin mamaki, da zarar an ce wa magidanci ya rubuta wasiyya, sai ya ɓata fuska, ya ce ana yi masa fatan tsiya. Wannan camfi ya raba zumunci a gidaje da dama, ya kuma jefa marayu cikin wahalar da iyayensu za su iya kare su daga gare ta da takarda guda.

Hujjar da masu ƙin wasiyya suka fi kawowa ita ce, wai Allah Ya riga Ya raba gado, don haka babu abin da ya rage wa ɗan Adam. Gaskiya ne, aya ta 11 da ta 12 da ta 176 na Suratun Nisa'i sun fayyace rabon magada. Alal misali, mutumin da ya rasu ya bar mace ɗaya da 'ya'ya maza uku da 'ya mace ɗaya, ana kasa dukiyarsa kashi 8: matar ta ɗauki tumuninta, wato kashi 1, kowane ɗa ya sami kashi 2, 'yar kuma kashi 1. Wannan lissafi ba ya bukatar ra'ayin mamaci. To, amma mene ne za a kasa? A nan gizo ke saƙar. Shari'a ta ce kafin rabo sai an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya. Alƙali ya san ƙa'idar rabo, amma bai san wanda ke bin mamaci bashi ba, bai san gonar da aka karɓa jingina ba, balle buhunan da wani abokin ciniki ya ba shi ajiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma idan ya tafi bai faɗa ba, sai a raba wa marayu haƙƙin wani, ko a bar nasu a hannun wani.

Bugu da ƙari, addinin da ake fakewa da shi, shi ne ya fi kowa kwaɗaitar da rubutu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Hadisin Ibn Umar ya nuna bai dace Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas kuma ya sa mata iyaka: kada ta wuce sulusin dukiya. Ba a kuma yin ta ga wanda zai ci gado, sai da yardar sauran magada. Wannan sulusi ƙofar rahama ce ga waɗanda rabo bai kai gare su ba, kamar agola, ko ɗan riƙo, ko jikan da mahaifinsa ya riga kakansa rasuwa alhali akwai baffanninsa a raye. Wanda ke son alherinsa ya ɗore kuwa, ga waƙafi nan, irin wanda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Haibara: ba a sayar da asalin, ba a gadonsa, sai dai a ci amfaninsa.

Akwai masu tsoron cewa wasiyya a rubuce al'adar Turawa ce, wadda uba zai iya hana ɗansa gado da ita. Tsoron nan yana da tushe. A shekarar 1971, cikin shari'ar Adesubokan da Yunusa, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta zartar da wasiyyar wani Musulmi da aka rubuta bisa dokar Ingila ta 1837, ko da yake ta fifita wasu 'ya'ya saɓanin mazhabar Malikiyya. Sai dai daga baya wasu jihohi, irin su Kaduna da Kwara, sun yi dokokinsu na wasiyya waɗanda suka ɗaure Musulmi da ƙa'idar shari'arsa. Haka kuma sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ikon duba al'amuran waƙafi da kyauta da wasiyya da gadon Musulmi. Ashe laifin yana ga abin da aka rubuta, alƙalami ba shi da laifi.

Zamani ma ya ƙara wa lamarin nauyi. A da, dukiya gona ce da shanu da rumbu, abin da duk unguwa ke gani. Yanzu kuwa tana ɓoye a banki da asusun fansho da takardun filaye. Da yawa suna zaton wanda suka rubuta a matsayin makusanci shi zai karɓi kuɗin, alhali banki ba ya sakin dukiyar mamaci sai da takardar izini daga kotu. Iyalin da ba su ma san da asusun ba, ina za su nemi izini a kansa?

Saboda haka, abin da ya kamaci kowane magidanci, da kowace mace mai abin hannunta, shi ne a rubuta abin da aka mallaka, da bashin da ake bi, da wanda ake bin mutum, da amanar da ke hannu. A naɗa wasiyyi amintacce da zai kula da ƙananan yara, a kafa shaidu biyu adilai, a kuma riƙa sabunta takardar duk lokacin da hali ya sauya. Wanda ya yi wa ɗansa kyauta, ya damƙa masa ita tun yana da lafiya, domin a Malikiyya kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu, ta koma cikin gado. Malamai kuma su sa wannan babi cikin wa'azi kamar yadda suke sa na zakka. Takarda ba ta rage wa kowa kwana, amma rashinta kan sa 'yan uwa ciki ɗaya su shekara goma ba sa ga maciji da juna. Allah Ya sa a cika da kyau da imani.