Jinyar gida: Abin da ya sa tsarin Uganda ya ɗore

A shekarar 1993 Dakta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa Uganda a Kampala domin masu cutar da ba ta warkewa, galibi daji da ƙanjamau. Ginshiƙin aikin shi ne ruwan mofin mai araha, wanda majinyaci ke sha a gadonsa. A 2004 gwamnati ta ba ma'aikatan jinya masu horo na musamman izinin rubuta maganin, saboda ƙarancin likitoci a karkara. Ma'aikaciya kan je gida, ta daidaita adadinsa, ta koya wa iyali lokutan shayarwa. Inda kuwa doka ta bar maganin a hannun likita kaɗai, majinyacin ƙauye cikin azaba yake cikawa.