Kafin Baba Soja Ma Ya Tafi

Yau ba zancen kasuwa na zo da shi ba.

Duk wanda ya zauna a Sabon Ibadan ya san barikin sojan nan na Mokola da ake kira Letmauk. Ni dai tun ina yaro nake wucewa ta ƙofarsa, kuma wallahi na ɗauka sunan wani Bature ne. Ashe wani wuri ne a ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, inda sojojinmu na runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma suka gwabza da Japan a 1945. Haka Arakan da Tamandu a Apapa, haka Dalet da Kalapanzin a Kaduna. Kullum muna faɗin sunayen a tasha, amma ba mu san jinin da ke bayansu ba.

Ba a makaranta na koyi wannan ba. Wani dattijo ne mai gadin layin shagon babanmu ya gaya mini, Baba Soja muke ce masa. Shi yaƙin basasa ya yi, na 1967 zuwa 1970, kawunsa ne ya je Bama. Ya ce a zamanin Turawa Hausa ce harshen bariki, har hafsoshinsu sai sun koye ta. Ke nan an ba da umarni da Hausa a dajin Bama, an yi kuka da ita, an yi wasiyya da ita. To ina labarin yake a Hausarmu? Da na tambaye shi me kawun nasa ya gani can, sai ya yi shiru, ya ce, "Yaro, ba wanda ya tambaye shi har ya rasu."

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Ba na raina bikin 15 ga Janairu, ranar tunawa da sojoji, a ajiye furanni, a saki tattabaru, manya su maƙala alama a ƙirji. Amma tattabara ba ta biya wa tsoho kuɗin maganin hawan jini, ba ta kuma riƙe abin da ke kansa. 'Yan Bama kusan duk sun tafi. Na yaƙin basasa kuwa suna nan tsakaninmu, wasu na gadi, wasu ido ya tafi, takardar sallamarsu a ƙulle cikin leda. Mu matasa muna wuce su da "sannu Baba" kawai, alhali kowa na da waya mai ɗaukar murya a aljihu.

Wani zai ce tono zancen yaƙi a nan kudu neman fitina ne. Na gane tsoron, tunda da maƙwabta muke zaune. Amma mai shagon da ke kusa da namu Ibo ne, mahaifinsa ya yi yaƙi a ɗaya ɓangaren, kuma shi ma yana da-na-sanin bai rubuta komai daga bakinsa ba. Wanda ya ga yaƙi da idonsa ban taɓa jin yana ɗokinsa ba, masu ɗokin mu ne da ba mu gani ba.

Na nemi izinin Baba Soja, ya yarda, da sharaɗin in zo da goro kuma kada in katse shi. Mun fara ranar Juma'a bayan la'asar. Awa guda muka yi, bai ma kai ranar da aka ɗauke shi aikin soja ba.