Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin Kamfanin Intrepid Travel: Sadaka Daban, Biyan Bashi Daban



Na rubuto ne a kan alkawarin da kamfaninku ya ɗauka na yin sulhu da 'yan asalin ƙasar Ostireliya, wato Aborijin da mutanen tsibiran Torres, da kuma kuɗin da kuke kashewa wajen taimakon al'umma. Ku ba baƙi ba ne a wannan fage. Tun 1989, lokacin da Darrell Wade da Geoff Manchester suka kafa kamfanin a Melbourne, kuke kai mutane yawon buɗe ido. A 2002 kuka kafa gidauniyarku. A 2014 kuka daina ɗora baƙi a bayan giwa, tun sauran kamfanoni ba su ga aibin abin ba. Da aka zo ƙuri'ar raba gardama ta 2023, kun fito fili kun goyi bayan a kafa wa 'yan asalin ƙasa majalisar ba da shawara a cikin tsarin mulki. Yabon gwani ya zama dole. Mai jin magana ake ba shawara, shi ya sa ku na zaɓa.

Hajar da kuke sayarwa a Ostireliya ta wasu ce. Dutsen da baƙonku ya biya kuɗin jirgi don ya gani, da dajin da zai ratsa, da zanen jikin kogo, da labarin da za a ba shi a bakin wuta da dare, duk suna da masu su. Saboda haka abin da ke tsakaninku da mutanen nan bashi ne, kuma bashi biyansa ake yi. Wanda ya ci bashin maƙwabcinsa, in ya aika masa da tuwon sallah za a gode, amma bashin na nan. Roƙona kada ku haɗa asusun gidauniya da asusun haƙƙi a littafi ɗaya.

Tarihin kun fi ni saninsa. Turawan Ingila sun sauka a Sydney a 1788, dokarsu ta ɗauka cewa ƙasar ba ta da mai ita, alhali mutane sun haura shekara 50,000 suna zaune a cikinta. Sai a 1992 babbar kotun ƙasar ta rushe wannan ƙarya a shari'ar Eddie Mabo. An yi shekaru ana ƙwace yara daga hannun iyayensu, sai a 2008 Firayim Minista Kevin Rudd ya tsaya a majalisa ya nemi gafara. Mu ma da Lugard ya tsaya a Sakkwato a 1903 ya shelanta cewa ikon ƙasa ya koma hannun Birtaniya mun ɗanɗana wani abu daga wannan ɗaci. Bambancin dai namu sun yi mulki sun tafi, gonakinmu da harshenmu suna hannunmu. Nasu sun zo ne su zauna. Yau 'yan asalin ƙasa ba su kai kashi 4 cikin 100 na jama'ar Ostireliya ba, amma wajen kashi ɗaya cikin uku na manyan da ke kurkuku su ne.

Kuna da takardar shirin sulhu irin wadda ƙungiyar Reconciliation Australia ke amincewa da ita tun 2006, mai matakai huɗu. Madalla. Sai dai ku tuna kamfanin haƙar ma'adinai na Rio Tinto yana riƙe da mataki na ƙoli a wannan shiri a watan Mayun 2020, lokacin da ya sa nakiya ya tarwatsa kogunan Juukan a yankin Pilbara. Kogunan nan suna ɗauke da shaidar zaman ɗan Adam ta shekara 46,000, kuma mutanen Puutu Kunti Kurrama da Pinikura sun nemi a dakata. An janye amincewar, shugaban kamfanin ya rasa kujerarsa, amma kogo bai dawo ba. Takarda ba ta hana komai ranar da riba da alkawari suka yi karo. Ba ina kwatanta ku da masu nakiya ba ne. Ina nufin ku ma irin wannan rana tana zuwar muku, sai dai a sigar da ta dace da sana'arku: ranar da masu ƙasa za su ce a'a, motarku kuma cike take da baƙin da suka riga suka biya.

Dutsen Uluru ya isa misali. An mayar wa mutanen Anangu dutsen ranar 26 ga Oktoba 1985, bisa sharaɗin su ba gwamnatin tarayya hayarsa na shekara 99. Tun daga nan suke roƙon baƙi da su daina hawansa. A gindin dutsen an kafa allo ɗauke da roƙon cikin lalama, a gefen allon kuma ga sarƙar ƙarfe da aka kafa tun shekarun 1960 don masu hawa su riƙa kamawa. Mutum zai karanta allon, ya gyara igiyar takalminsa, ya kama sarƙa. Aƙalla mutum 35 sun mutu a wannan hawa, kuma kowace mutuwa nauyi ce a wuyan Anangu, don a al'adarsu lafiyar baƙo amana ce a hannun mai ƙasa. Sai da aka shekara 34 kafin a rufe hanyar, ranar 26 ga Oktoba 2019. A makonnin ƙarshe duniya ta ga hotunan dogon layin mutane a jikin dutsen, kowa na sauri ya hau kafin a hana. An cire sarƙar, amma farin tabon da tafin takalma suka bari yana nan a jikin jan dutsen.

Abin lura a nan, roƙo bai yi aiki ba sai da ya zama iko: hukumar gudanar da wurin, wadda Anangu ke da rinjaye a cikinta, ita ta kaɗa ƙuri'ar rufewa a 2017. Ko a watan Agustan 2020, da jirgi ya kawo baƙi daga Brisbane ana tsakiyar annobar korona, sai da mutanen ƙauyen Mutitjulu suka tare ƙofar shiga da motocinsu kafin a saurare su.

To ku kada ku jira a tare muku hanya. Ku rubuta a cikin kowace yarjejeniya da za ku yi da wata al'umma cewa suna da ikon rufe wuri, ko soke ziyara, ba tare da tara ba kuma ba tare da an cire su daga jadawalin baɗi ba. A ƙauyukansu idan aka yi rasuwa komai tsayawa yake, zaman makoki kan ɗauki kwanaki ko makonni, kuma dangi kan yi tafiya mai nisa don halarta. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan. Ku sanar da baƙo tun ranar da zai biya kuɗi cewa hakan na iya faruwa, asarar kuma kamfani ya ɗauke ta, kada a ɗora wa mai makoki.

Sai batun mallaka, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan lamarin. Ɗaukar ɗan asalin ƙasa aikin ja-gora abu ne mai kyau, amma albashi yake karɓa, riba tana tafiya Melbourne. Akwai wuraren da aka wuce nan. Kamfanin Nitmiluk Tours da ke kai baƙi cikin kwazazzabon kogin Katherine mallakin mutanen Jawoyn ne kacokan. Cibiyar Maruku da ke sayar da sassaƙa da zane a Uluru ta Anangu ce. A Budj Bim da ke jihar Victoria, mutanen Gunditjmara su ke nuna wa baƙi magudanan da kakanninsu suka gina da duwatsun aman wuta don kama kifi shekara 6,600 da suka wuce, wurin da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2019. Duk inda irin waɗannan suke, ku zama dillalansu, ku biya farashin da suka yanka, ku biya a kan lokaci. Inda kuma ku ne masu jari, kamar masaukin Daintree Ecolodge da kuka saya, ku tuna a 2021 aka mayar da gandun dajin Daintree ga mutanen Kuku Yalanji na gabas. Me zai hana su sami hannun jari a masaukin da ke cin albarkar dajinsu, da kujera a inda ake yanke shawara? Ku kuma yi hattara da kamfanonin da ke liƙa sunan ɗan asalin ƙasa a takarda don neman kwangila alhali kuɗin na wani ne. Ƙungiyar Supply Nation tana tantance irin wannan, ku yi amfani da ita.

Akwai wani iko da ke hannun ja-goranku wanda ba a cika lissafa shi ba: shi ke zaɓar shagon da mota za ta tsaya. A 2019 kotun tarayya ta ci kamfanin Birubi Art tarar dalar Ostireliya miliyan 2.3 saboda sayar da sandunan jifa da sauran kayan tsaraba da sunan aikin hannun Aborijin, alhali a Indunusiya aka yi su. Binciken hukumar gwamnati a 2022 ya nuna mafi yawan tsarabar da ke kama da tasu jabu ce. Minti ashirin na tsayawa a shagon da ya dace ya fi wa mai zane amfani a kan dogon jawabi.

Jawabin ma ku duba shi. Al'ada ce yanzu a fara kowane taro da ambaton masu ƙasar da ake tsaye a kanta. Idan ja-gora ya karanto shi daga kati, da muryar mai sanar da lokacin cin abinci, baƙi suna duba waya, gara ma a bari. Ku koya masa sunan mutanen wurin da abin da ya same su. Mai kai baƙi tsakiyar ƙasar ya kamata ya san cewa a 1928, a yankin Coniston da ke arewa maso yammacin Alice Springs, ɗan sanda da 'yan rakiyarsa sun kashe mutanen Warlpiri da Anmatyerre da Kaytetye. Hukuma ta amsa mutum 31, masu ƙasar sun ce sun fi haka nesa ba kusa ba, kwamitin bincike kuma ya wanke makasan. Wannan tarihin kowa ne, a faɗe shi. Amma labaran tsafin wuri da na kakanni ba na ja-gora ba ne. A kewayen Uluru akwai wuraren maza da na mata da aka kafa alamar hana ɗaukar hoto. Baƙon da ya ɗaga kyamara a nan, ja-gora ya hana shi, ko da hakan zai jawo a rubuta muku ƙorafi a intanet.

Gidauniya kuwa ku ci gaba da ita, da gyara kaɗan. Ku bar al'umma ta faɗi abin da take so, ku ba da kuɗin na shekaru da dama a jere don a iya tsara aiki, kuma ku daina neman hoton yara a madadin rasit.

Ranar 14 ga Oktoba 2023 kusan kashi 60 cikin 100 na masu zaɓe suka ce ba su yarda da majalisar ba da shawarar ba, kuma babu jiha ɗaya cikin shida da ta amince. Lokacin da maganar sulhu ke jawo tafi, ɗaukar alkawari ba wuya. Yanzu da iska ta juya ne za a san wanda ya yi don Allah da wanda ya yi don talla.

Don haka ga abin da nake roƙo a rahotonku na shekara mai zuwa. Ku buga ƙarara nawa ne daga kuɗin da kuka samu a Ostireliya ya shiga hannun kamfanoni mallakar 'yan asalin ƙasa a matsayin ciniki, a ware shi daga kyauta. Sannan ku ba al'ummomin da kuke aiki da su shafi guda su rubuta yadda suka same ku, ku buga shi yadda suka rubuta, ko da bai yi muku daɗi ba.

Haza wassalam.