Ba Kowace Kaza Za Ta Yi Kwanci Ba



Duk ƙauyen da muka shiga, kuka ɗaya muke ji: kaji suna da yawa, ƙwai babu. In muka leƙa akurki, sai mu tarar da kaza uku ko huɗu kwance, wata a kan ƙwai biyu, wata ma a kan ƙasa kawai. Mun saba barin kaza ta yi yadda ta ga dama. A ganinmu wannan kuskure ne, kuma yana cin kuɗinmu.

Mu yi lissafi. Kazar gida takan saka ƙwai 10 zuwa 15, sa'an nan ta kwanta. Kwanci kwana 21 ne. Bayan ƙyanƙyashewa takan yi wajen wata biyu tana yawo da 'yan tsaki. Watau kusan wata uku ke nan babu ƙwai. In ta fito da 'yan tsaki goma, madalla. In biyu ne, shirwa kuma ta ɗauke ɗaya, to, mun yi hasara.

Kada a ce muna ƙin kwanci. Baiwar Allah ce, har Yesu ya kwatanta ƙaunarsa da kazar da ke rufe 'ya'yanta, cikin Matiyu 23:37. Yawancin kajin turawa masu saka ba su yi, mu kuwa ba mu da injin ƙyanƙyasa. Maganarmu ita ce, mai kaji ne zai zaɓi wadda za ta kwanta.

A zaɓi kaza mai lafiya, wadda aka san ba ta barin ƙwai. A ba ta ƙwai 8 zuwa 10, waɗanda ba su wuce mako ɗaya ba. A yi musu alama da gawayi, domin in wata ta saka a wurin a gane sabon a cire. Wurin ya zama da inuwa, inda ruwan sama ba ya shiga. A barbaɗa toka ƙarƙashin ciyawar saboda ƙwarƙwata da ƙuma. A ajiye ruwa da hatsi kusa da ita. Da damina za a iya sa mata ƙwan zabi, gama zabuwa ba ta da haƙurin kwanci, sai dai nasu yana kai kwana 26 zuwa 28.

Ga wata dabara. A kwantar da kaza biyu rana ɗaya. In sun ƙyanƙyashe, a haɗa wa ɗaya 'yan tsakin duka da dare, ɗayar ta koma saka.

Sauran fa? Mun ga masu tsoma kaza cikin ruwa, da masu ɗaure ta a rana babu abinci. Wannan mugunta ce, ba ta dace da mai bi ba. Ga shi kuwa kazar da ta rame ba ta saurin komawa saka. Abin yi shi ne a sa ta cikin kwando mai ramuka, babu ciyawa, a ɗaga shi daga ƙasa domin iska ta ratsa ƙarƙashinta. A ajiye ta a inuwa mai haske, da abinci da ruwa. Cikin kwana uku zuwa biyar yawanci zafin kwancin yakan sauka. A kuma riƙa kwashe ƙwai kullum, gama tarin ƙwai ne ke jawo ta ta kwanta.

Wani zai ce, ai ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. To, mai lura yana samun duka biyu: ƙwai ga yara da kasuwa, 'yan tsaki kuma domin kuɗin makaranta.

A taron ƙungiya mai zuwa, kowane gida ya faɗi kaji nawa yake da su, nawa ne za su kwanta. Mata ne suka fi sanin halin kowace kaza, sai a fara jin ta bakinsu. Wanda ba shi da zakara mai kyau, ɗan'uwa ya yi masa musayar ƙwai.

Allah ya sa albarka ga aikin hannuwanmu. Amin.