Warin Kananzir Ɗan Aike Ne

A ƙasar Japan, in ɗari ya shigo, gidaje da yawa da murhun kananzir su ke ɗumama ɗakunansu, balle a tsibirin Hokkaido, inda ƙanƙara ta kan rufe hanya. A jarka mai cin lita 18 a ke sayen man, watau kimanin cikin garwa guda. Babban kukan masu irin wannan murhu shi ne wari, mu kuwa da muka san risho da fitilar ƙwai ba sai an kwatanta mana shi ba.

A ganinmu warin nan ɗan aike ne, ba a kuwa toshe bakin ɗan aike tun bai isad da saƙo ba. Wanda ya ji shi ya ɗauko turare, hayaƙi ya ƙara bisa hayaƙi.

Ɗan warin da ke tashi sa'ad da aka kunna ko aka kashe ba kome ba ne, gama a lokacin wuta ba ta cinye man sarai. Amma in wuta ta kama sosai, wari bai daina ba, to, a tuhumi man tukuna. Kananzir na kirki garau ya ke kamar ruwa. Wanda ya shekara a ajiye, ko rana ta daɗe tana dukansa, ya kan koma ruwan ɗorawa, ya bar baƙar dauɗa kamar kwalta a bakin lagwani, har lagwanin ya taurare ya kasa jawo mai. A Amurka daraja biyu aka yi wa kananzir. Mai lamba 1-K, farar wutar da ke cikinsa ba ta wuce kashi 0.04 cikin 100 ba, mai lamba 2-K kuwa ta kan kai 0.3, don haka na farkon kaɗai a ke zubawa a murhun da ba shi da bututun hayaƙi. Man da aka surka da fetur kuwa, wannan ya wuce zancen wari, zancen gobara ne.

Sa'an nan sai lagwani. In an ɗaga shi fiye da kima ya yi hayaƙi, kowa ya san wannan. Abin da ba kowa ya lura ba, in an rage shi ƙwarai don tsimin mai, nan ma wari ya ke yi.

To, ga inda hanci ya ke yaudarar mutum. Iskar da mu ke shaƙa ita murhun nan ya ke ci. In ɗaki yana rufe ruf, ta ragu, sai wutar ta riƙa fid da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari ko kaɗan. Ciwon kai ta ke fara sawa, da jiri, mai barci kuwa ba lalle ya farka ba. Shi ya sa a Japan a ke gargaɗin mutane su buɗe taga sau ɗaya ko biyu kowace sa'a, su kuma kashe murhu kafin su kwanta. Kaskon gawayin da a ke shigarwa ɗaki da hunturu, a Jos ko a Kano, wannan iskar ya ke fitarwa, hukuncinsa kuwa ɗaya ne da na murhun.