Amurka da Maƙwabtanta na Kudu

Masu karatu, in kuka buɗe taswira za ku ga Amurka daga arewa, kudu da ita kuwa ƙasashe wajen ashirin, galibinsu masu harshen Sifen. Zaman babba da ƙanana a unguwa guda abu ne mai wuya. Mu dai a ganinmu, cikin dukan tarihin zamansu babu inda Amurka ta nuna basira kamar a shekarar 1938, ran da aka taɓa dukiyarta ta haƙura.

Bari mu ɗan koma baya. A 1823 Shugaba Monroe ya gargaɗi sarakunan Turai kada wanda ya sake kafa sabon mulki a nahiyar. Magana mai daɗin ji. Amma wanda ya kori kura daga garke shi ya juyo kan awakin. Daga 1846 zuwa 1848 Amurka ta yaƙi Meziko, ta karɓe wajen rabin ƙasarta, har da Kalifoniya, ta ba ta dala miliyan 15. Bayan 1904 kuwa abin ya zama al'ada: ƙasar da bashi ya yi wa katutu, ko fitina ta tashi a cikinta, sai ta wayi gari da sojan Amurka a bakin gaɓa. A Haiti sun zauna tun daga 1915 har 1934.

Da Franklin Roosevelt ya hau mulki a 1933, ya ce zai yi zaman maƙwabcin kirki. A ƙarshen shekarar, a taron Montebidiyo, wakilinsa ya sa hannu ga alkawarin cewa ba ƙasar da ke da ikon tsoma baki cikin sha'anin wata. Mutanen kudu suka ji, amma ba su saki jiki ba, gama ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Miyar kuwa ta ƙare ran 18 ga Maris, 1938. Kamfanonin man fetur na Ingila da na Amurka sun ƙi bin hukuncin babbar kotun Meziko a kan ladan ma'aikatansu, Shugaba Cardenas ya ƙwace rijiyoyinsu duka, ya ce sun zama na ƙasa, za a biya diyya. Talakawa suka goyi bayansa ƙwarai, har mata suka yi ta kai zobbansu da kajinsu gudummawa. Ingila ta aika da takardu masu zafi, sai da jakadanci ya yanke tsakaninsu har 1941. Kamfanonin Amurka suka tasa gwamnatinsu gaba, kowa ya zuba ido ga teku yana jiran jiragen yaƙi.

Ba su zo ba. Abin mamaki, jakadan Amurka a Meziko a lokacin, Josephus Daniels, shi ne ministan jiragen yaƙi a 1914 sa'ad da aka mamaye tashar Berakurus, Roosevelt kuwa mataimakinsa ne. Watau mutanen nan biyu sun taɓa bin waccan hanya, sun ga ƙiyayyar da ta haifa. Daniels ya yi ta sanyaya maganar. An matsa wa Meziko ta wajen ciniki, wannan gaskiya ne, amma ba a harba ko harsashi ɗaya ba. A 1942 aka tsai da diyya kusan dala miliyan 24, abin da ya gaza ƙwarai ga wanda kamfanonin suka nema.

Wani ya ce tsoron Jamus ne ya sa haƙurin, don kada Meziko ta karkata ga Hitila. Ko da haka ne, ai sanin abin da ya cancanci tsoro shi ma hankali ne. Ga kuwa ribar. A watan Mayu 1942, bayan jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus sun nutsar da jiragen manta biyu, Meziko ta shiga yaƙi a gefen Amurka, ta kuma aika da ma'aikata su riƙe gonakinta. Burazil ta shiga a watan Agusta, daga baya ta kai soja wajen 25,000 Italiya. Da an sauke soja a Meziko a 1938, da wace fuska za a nemi wannan taimako?

Abin takaici, karatun bai zauna ba. A 1954 gwamnatin Arbenz ta Guwatamala, wadda ta raba wa talakawa filayen da kamfanin ayaba na United Fruit ya bari ba noma, ta faɗi da hannun 'yan leƙen asirin Amurka. Aka ce maganin kwaminisanci aka yi. Shekara shida bayan haka yaƙin basasa ya ɓarke a ƙasar, bai kwanta ba sai 1996.